Mawlan: Kalmar da Kakana Ya Dawo da Ita Daga Andoshin

Kakana na wajen uwa tsohon sojan Faransa ne. A unguwarmu a Maraɗi ba kowa ya san sunansa na yanka ba, yara da manya Ansiyan suke ce masa. Dogo ne, baƙi, da aska irin ta Gobirawa tun daga gefen baki har kusa da kunne. Yana da wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado wanda ko kakarmu ba ta taɓa shi, kuma yana da wata kalma da yake kora mu da ita in ya aike mu muka tsaya wasa. Sai ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Mawlan! Mawlan!" Mun san dai nufinsa mu yi sauri. Ni na ɗauka Larabci ne, ɗan'uwan Maulana. Yayana ya ce Faransanci ne, har ranar da ya faɗa wa malaminsu na lakwal, malamin ya ce shi bai taɓa jin ta ba.

Akwai wasan jika da kaka tsakaninmu, don haka nakan tsokane shi in ce, "Tsoho, wai mutum nawa ka kashe a yaƙin naka?" Sai ya ce, "Tafi can, ja'iri, kai da ko kaza ba ka iya yankawa." Daga nan ya canza magana. Abin da na tsinta daga bakinsa bai wuce cikin cokali ba. Sunan wurin Andoshin. Sun yi kusan wata a jirgin ruwa. Ya ambaci Tonkin, ya ambaci Hayifon. Ya ce ƙasa ce da ruwa ya fi tudu yawa, an ajiye su a wani ɗan gini na siminti a tsakiyar gonakin shinkafa, da rana kowa manomi ne, da dare ba ka san wa ke harbinka ba. In damina ta sauka ruwa na dukan kwano, ba ya barci, sai ya fito zaure ya zauna da tasbaha har asuba. Ya rasu a 1998, yana karɓar ɗan fanshon da bai kai rabin rabin na Bafaranshen da suka yi aiki tare ba, domin tun lokacin samun 'yancin kai Faransa ta daskarar da kuɗin tsofaffin sojojinta na Afirka. Allah Ya jiƙansa.

Ni kuwa kasuwa ta kawo ni Kano. A Dawanau na tashi da riɗi da zoɓo, daga baya na shiga harkar kashu. Muna saye a Kogi da wajen Ogbomosho, a shanya, a zuba a buhunan algarara, a loda kwantena a Legas. Mafi yawan kayan Biyetnam suke tafiya, don su ne kan gaba a duniya wajen fasa kashu da fitar da shi. Shekaru ina tura musu kaya, amma ban taɓa haɗa Biyetnam da Andoshin ɗin kakana a raina ba, alhali Andoshin sunan da Faransawa ke kiran yankin ne lokacin mulkinsu. Wannan ƙasar fim ce da Amurkawa ke yaƙi a daji, waccan kuwa wani wuri ne a cikin akwatin ƙarfe.

A 2024 aka samu matsala. Mai saye ya aiko cewa kwantena biyu sun iso da danshi, kuma nauyin ƙwayar bai kai abin da aka rubuta ba, zai rage farashi. Ragin da ya faɗa zai cinye ribar shekarata. Zuwa da kai ya fi saƙo. Bayan ƙaramar Salla na nemi biza, na bi ta Doha, na sauka a birnin Ho Chi Minh ƙarshen watan Afrilu. Ya kamata in faɗi halin da zuciyata take ciki a lokacin. Watanni kaɗan kafin nan, a Disambar 2023, sojojin Faransa na ƙarshe suka bar Nijar, kuma ina cikin masu murna da baki da waya. Na hau jirgi ina ganin kaina a sahun waɗanda suka kori Bafaranshe.

Na iske garin ya yi ja. Kowane shago, kowane lungu, har bayan babura, jar tuta mai tauraro rawaya, domin ranar 30 ga Afrilu ce ranar da tankokin Biyetnam ta Arewa suka fasa ƙofar fadar shugaban Biyetnam ta Kudu a 1975, yaƙi ya ƙare. Mutanen gari har gobe Saigon suke ce wa birnin a hira. Na sauka kusa da babban masallacin titin Dong Du, wanda 'yan kasuwar Indiya suka gina a 1935, saboda salla da abincin halal, don a ƙasar nan in ba ka yi hankali ba naman alade har a cikin romo yake.

Tafintan da aka haɗa ni da shi yaro ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, yana kirana "anh", wato yaya. A bayan babur ɗinsa na fara karatun tarihi ba da niyya ba. Na tambaye shi me ya sa duk inda muka juya sai in ga suna mai gaɓa uku a allon titi. Ya ce sunayen mutane ne. Wannan titin, Hai Ba Trung, wasu mata biyu ne ya da ƙanwa da suka tayar wa Chaina a shekara ta 40 bayan haihuwar Annabi Isa, ana zana su a kan giwaye. Wancan, Tran Hung Dao, shi ne ya karya rundunar Mongol a 1288. Ya sa aka kafa turaku masu tsini a ƙasan kogin Bach Dang, aka jawo jiragen abokan gaba lokacin da ruwa ya cika, da ruwan ya janye sai jiragen suka soke. Kuma ba shi ya fara dabarar ba, Ngo Quyen ya yi ta a kogin nan a 938, ya kawo ƙarshen mulkin Chaina na kusan shekara dubu. Ga Le Loi da ya kori daular Ming ta Chaina a 1428. Ga Nguyen Hue da ya fatattaki sojojin daular Qing, ita ma ta Chaina, a 1789. Yana faɗa yana kauce wa babura, da shekarun duka a ka, kamar yadda almajiri ke kawo ƙulhuwallahu. Ya ce in na je Hanoi ko Da Nang ko wani ƙaramin gari, sunayen nan zan sake gani. Na tambayi kaina titi nawa ne a Maraɗi ko Kano da yaro zai iya ba ni labarin mai sunan a tsakiyar cunkoso. Ban ji daɗin amsar ba, na bar ta.

Abin da ya fara ba ni mamaki ke nan: yaƙin da duniya ta san su da shi, su a wurinsu babi ɗaya ne a littafi mai kauri. Ba ma sa ce masa yaƙin Biyetnam. Yaƙin Amurka suke cewa.

Masana'antar tana lardin da a lokacin ake kira Binh Phuoc, tafiyar sa'o'i uku zuwa arewa, ƙasar jan turɓaya da gonakin roba da kashu. A sito aka sake gwajin a gabana. Ana ɗibar samfur daga buhuna daban-daban, a haɗa, a auna kilo ɗaya, a raba kowace ƙwaya biyu da wuƙa, a ware lafiyayya da mai tabo da fanko, sannan a lissafa fam nawa na ƙwaya buhu mai kilo 80 zai bayar. Ina tsugune ina lura da hannun mai yankan, kada a yi mini sakiyar da ba ruwa, sai na ji wata mata daga bakin ƙofa tana yi wa masu sauke buhuna tsawa: "Mau len! Mau len!"

Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na miƙe tsaye. Muryar mace ce, amma sandar kakana na ji ta bugi ƙasa. Na kama hannun tafinta na ce me ta ce? Ya ce, "Cewa ta yi su yi sauri." Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Shekara arba'in da wani abu ina ɗauke da kalmar mutanen nan a kaina ban sani ba.

Ya ga yanayina ya canza, ya tambaya, na faɗa masa. Shi kuma bakinsa bai riƙe ba, kafin azahar labari ya kai ga mahaifin mai masana'antar, sai aka ce tsohon yana son ganina a gida. Gaskiya gabana ya faɗi. Na zo neman a sassauta mini farashi, ga shi na tona cewa jikan sojan mamaya ne ni.

Tsoho ne ɗan ƙarami, ya haura saba'in, hannunsa na hagu yatsu uku. Asalinsa mutumin Thanh Hoa ne a Arewa, yaƙin Amurka ne ya gangaro da shi Kudu ta hanyar daji, bayan 1975 ya zauna. A tsakiyar falon akwai wani dogon tebur da hotunan magabata, da 'ya'yan itace da turaren tsinke, kowane gida a can yana da irinsa. Aka miƙo mini turare. Na ce wa tafinta ya ba shi haƙuri, addinina bai ba ni wannan ba, amma zan tsaya in girmama. Tsohon ya gyaɗa kai, bai nuna komai ba. Ya nuna hoton wani mutum da hular gora ya ce mahaifinsa ne, ya tura keke ɗauke da shinkafa daga Thanh Hoa zuwa Dien Bien Phu, inda suka ci sojojin Faransa da yaƙi, a 1954. Ya nuna wani saurayi ya ce wansa ne, ya tafi Kudu a 1968, har yau ba a ga ƙashinsa ba.

Sai ya dube ni ya yi wata tambaya, yana jan yatsa a kumatunsa. Tafinta ya yi jim kafin ya fassara. "Wai kakanka yana da tsaga a fuska?" Na ce yana da ita. Tsohon ya ce a ƙauyukansu akwai sunan da ake kiran irinsu, baƙaƙen Turawa masu tsagaggiyar fuska. Ya ce uwarsa da sunan take tsorata su in sun ƙi barci. Ya ce in an ji suna tafe, mata gudu suke su shige gonaki, kuma ba a banza ba.

Askar nan a wurinmu alamar gida ce, da ita ake sanin ɗan wane ne kai. Ina yaro nakan sa yatsa in bi layinta a fuskar kakana yana kore ni. A wannan falon na ji ta zama abin da ake razana yara da shi. Ban da abin cewa. Ba zan iya rantsuwa cewa hannun kakana tsarkakakke ne ba, ba zan iya cewa ba haka ba ne. Mutumin da ya kasa barci duk damina har ya mutu, shi ya san abin da ya gani, ko abin da ya yi.

Tsohon ya zuba mini shayi, koren shayi mai ɗaci ba sukari. Ya tambayi shekarar da Faransa ta bar ƙasarmu. Na ce 1960. Ya ƙirga da yatsunsa ya ce, "To lokacin da ya zo nan, ku ma a hannunsu kuke. Ubangida ɗaya gare mu." Ya ba ni labarin cewa akwai sojojin Afirka, yawancinsu 'yan Maroko, da suka tsallaka suka koma ɓangaren Viet Minh, wato mayaƙan Biyetnam masu neman 'yanci daga Faransa, aka ba su gona a Ba Vi kusa da Hanoi, suka auri matan ƙasar, har suka gina wata ƙofa irin ta garinsu da ke tsaye har yanzu. Da zan tafi ya riƙe hannuna da yatsunsa ukun nan ya ce in ina son sanin abin da kakana ya shiga, in je Dien Bien.

Maganar kashu ta ƙare washegari. Gwaji ya nuna kayana sun gaza, amma ba kamar yadda aka faɗa ba. Muka raba asarar.

Kafin in tafi Arewa na je Cu Chi, ramukan ƙarƙashin ƙasa da ke arewa maso yammacin birnin. An fara haƙa su tun zamanin Faransa da 'yar fartanya da kwando, zuwa yaƙin Amurka sun kai kusan kilomita 250, hawa uku a wasu wuraren, da ɗakin jinya da rijiya da madafa. Madafar ce ta fi burge ni: hayaƙin ba ya tashi sama, ana bi da shi ta ramuka masu nisa har ya fito kaɗan-kaɗan a ƙasa kamar hazon safiya, don kada jirgi ya gani. An faɗaɗa wani sashe saboda baƙi, duk da haka da na shiga da rarrafe ban yi mita ashirin ba na nemi mafita, gumi har cikin ido, ina salati. Mutane sun yi shekaru a ciki, an haihu a ciki. Da muka fito aka kawo mana abincin mayaƙan, sai ga dafaffen rogo da dakakkiyar gyaɗa da gishiri. Na yi dariya ni kaɗai, rogo da ƙuli ne fa. Takalmansu ma na tsohuwar taya ne, irin wanda makiyaya ke saya a kasuwar ƙauye.

Abu ɗaya bai yi mini ba a wurin. Akwai filin da baƙi ke biyan kuɗi su harba bindiga, ƙarar tana tashi kana tsaye a bakin ramin da bam ya haƙa. A ganina inda aka zubar da jini haka bai kamata ya zama wurin wasa ba.

Gidan tarihin yaƙi na cikin birni ban iya gama shi ba. Na ga hotunan My Lai, inda sojojin Amurka suka kashe mutum 504 a ranar 16 ga Maris 1968, galibi mata da yara da tsofaffi. Da na shiga ɗakin da ke nuna yaran da aka haifa da nakasa saboda gubar da aka fesa wa dazuzzuka tsakanin 1961 da 1971, sai na fito na zauna a waje kusa da wani jirgi mai saukar ungulu. Amurkawa ne cike da wurin, wasu tsofaffi suna share hawaye, kuma ba wanda ya harare su. Tun 1995 ƙasashen biyu suka maido da hulɗa, yau Amurka ce babbar kasuwar kayan Biyetnam, kashun da nake turowa ma wani can yake ƙarewa.

Direban da ya kai ni filin jirgi shi ya nuna mini ɗaya gefen tabarmar. Yana ɗan jin Turanci, mu biyu ne kawai a motar. Na yaba masa tutocin da jarumtar mutanensu. Ya yi shiru, can ya ce mahaifinsa ma soja ne, amma na Kudu. Bayan 1975 aka kai shi sansanin gyaran tunani ya yi shekaru, ƙannen uwarsa biyu suka shiga kwalekwale suka bar ƙasar, ɗaya ne ya isa. Ya ce akwai maƙabartar sojojin Kudu a wajen Bien Hoa, ba a kai 'yan makaranta can, ba a sa musu fure ranar 27 ga Yuli da ake tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi. Ya ce shi ma yana son ƙasarsa, in ana ƙwallo shi ma da jar tuta yake fita. Sai ya ƙara sautin rediyo. Ƙasa ce mai jam'iyya ɗaya, irin wannan magana ba a yin ta da ƙarfi. Tun daga nan duk allon da na karanta a gidan tarihi nakan tuna cewa wanda ya yi nasara ne ya rubuta shi.

Na isa Dien Bien Phu bayan an gama bikin cika shekara 70, wanda har ministan tsaron Faransa ya halarta. Tafiyar kamar sa'a ɗaya ce a jirgi daga Hanoi. Tun daga sama za ka gane komai: kwari ne shimfiɗaɗɗe kore shar da shinkafa, tsaunuka sun kewaye shi kamar bakin akushi, dab da iyakar Lawos. A cikin akushin nan Janar Navarre na Faransa ya zuba sojoji ta laima a ƙarshen 1953, har da tankoki goma da aka kawo gunduwa-gunduwa a jirgi aka haɗa a wurin. Lissafinsu shi ne Viet Minh ba za su iya hawo da manyan igwa kan tsaunukan ba, in ma sun hawo za a gan su a murƙushe, kuma ba za su iya ciyar da dubban mayaƙa a wannan nisan ba.

Wanda ya ja ragamar ɗaya ɓangaren, Vo Nguyen Giap, malamin tarihi ne a wata makaranta a Hanoi kafin ya zama janar. Igwan da aka ce ba za su hau ba, da igiya da ƙirji aka ja su, dare bayan dare. Da aka gama kafa su, ana jiran umarnin kai hari a ƙarshen Janairu 1954, sai ya ce a janye, a maido da su baya, shirin bai nuna ba. Ka duba mutanen da suka fasa tafin hannu wajen jan ƙarfe, a ce su sake gangarowa da shi. Suka yi. Aka haƙa wa kowace igwa kogo a jikin dutse, ta leƙo ta yi harbi ta koma. Ranar 13 ga Maris aka buɗe wuta. Cikin kwana biyu tudun da Faransawa suka sa wa suna Béatrice da Gabrielle suka faɗi, kwamandan igwansu, Piroth, wanda ya yi alkawarin zai rufe bakin igwan abokan gaba, ya kashe kansa da gurneti. Filin jirgi ya mutu, komai sai ta laima, wani kaso kuma yana faɗawa hannun Viet Minh.

A gidan tarihin na tsaya a gaban keken. Baƙin keke ne irin na masu kai itace kasuwa, an ƙarfafa shi da katako, an ɗaura gora a kan hannun don a riƙa tuƙa shi ana tafiya a ƙasa, ba hawa ake ba. Irinsa kusan 20,000 aka yi amfani da su, kowane yana ɗaukar kilo 200 zuwa 300, ta hanyoyin da jirage ke yi wa ruwan bam. Na tuna hoton mutumin nan mai hular gora a falon tsoho. Na tuna kuma cewa a watannin nan kakana yana can gangare a Tonkin, wato arewacin ƙasar, a ɗakinsa na siminti, yana gadin hanya don ubangidan da ya sa wa ƙauyensu haraji. Gaskiya ne Chaina ta ba Viet Minh igwa da masu ba da shawara, kamar yadda Amurka ta biya mafi yawan kuɗin yaƙin Faransa a ƙarshe, kuma allunan wurin ba su cika tsayawa a kan taimakon Chaina ba. Amma shinkafar nan ba wanda ya tura musu ita.

A saman ginin akwai zane mai zagaye, tsawonsa mita 132, da mutane sama da 4,000 a ciki. Na bi shi a hankali ina neman baƙar fuska. Cikin rundunar da aka kewaye akwai 'yan Aljeriya da Maroko da 'yan Afirka ta Yamma da 'yan Biyetnam ɗin kansu, Faransawan asali ba su ne mafi yawa ba. Kusa da ni wata malama ta jero 'yan makaranta da jan ƙyalle a wuya, tana tambaya suna amsawa baki ɗaya. Wani ƙaramin yaro ya bar layi ya zo ya taɓa hannuna ya duba yatsansa, malamar ta yi masa tsawa ta ba ni haƙuri.

Na hau tudun A1, wanda Faransawa ke ce wa Eliane 2. An yi makonni ana kashe juna a kan wannan ɗan tudun da bai fi a zagaye shi cikin minti goma sha biyar ba. A ƙarshe suka haƙa rami ta ƙarƙashinsa suka cusa nakiya kusan tan ɗaya, suka tayar a daren 6 ga Mayu. Ramin yana nan. Washegari da yamma aka kama kwamandan sansanin, de Castries, a ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa, bayan kwana 56. An kama fursunoni sama da 10,000, da yawansu ba su dawo ba. A Yuli aka sa hannu kan yarjejeniya a Geneva aka raba ƙasar biyu, a ranar 1 ga Nuwamba na shekarar kuma Aljeriya ta ɗauki makami.

A gindin tudun akwai maƙabarta mai kabari 644, kusan dukkansu ba suna. Mutane suna bi layi-layi suna soka turare a kan kowane, ba tare da sanin wa ke ciki ba. Na ga wata tsohuwa da aka riƙo ta hannu biyu, tana tsayawa a kan kowane kabari tana magana ƙasa-ƙasa. Can gaba kaɗan, kusa da ɗakin de Castries, akwai wani ɗan farin ginshiƙi a cikin shinge, wanda wani tsohon sojan Faransa ya gina don mutanensu. Ba kowa a wurin. A nan na tsaya. Cikin waɗanda suka mutu a kwarin nan a ƙarƙashin tutar Faransa akwai masu salla, an rufe su a ramuka ba wanka ba likkafani, iyayensu a wani ƙauye suna jiran wasiƙa. La'asar ta yi, na shimfiɗa ɗan rawanina a kan ciyawa na yi salla, na yi musu addu'a, na yi wa kakana. Na roƙi Allah, in akwai haƙƙin wani a wuyansa daga ƙasar nan, Ya yafe masa, Ya saka wa mai haƙƙin.

Da na dawo ban tsaya a Kano ba sai kwana biyu, na wuce Maraɗi. Na ce, "Inna, ina akwatin Ansiyan?" Yana ɗakinta, ta ɗora kwanuka a kai. Babu wani abin kirki a ciki: littafin aikin soja da ya ci ruwa, lambar yabo biyu da suka yi tsatsa, wani cokali, da hoto ɗaya. Samari huɗu ne baƙaƙe da gajeren wando a gaban buhunan yashi, bayansu ruwa da shinkafa har iyakar gani. Na biyu daga dama shi ne, askar tana nan raɗau, bai kai shekarun tafintana ba.

Na ba ta labarin duka, ban ɓoye mata sunan da ake kiransu da shi a ƙauyukan can ba. Ta daɗe tana kallon hoton. Ta ce tana yarinya Ansiyan ya taɓa dukan wani maƙwabci da ya ɗaga hannu zai mari matarsa, dukan da sai da aka kai maganar gaban mai unguwa, kuma da aka tambaye shi dalili cewa ya yi ya ga isasshe. Ta goge hoton da bakin zanenta ta mayar.

Sai na faɗa mata ma'anar kalmar, da matar da na ji tana faɗin ta a bakin sito. Ta ce, "Ashe yaren mutane ne? Mu da muka ɗauka shirmen soja ne." Aka kira magariba, jikokinta suna tsakar gida sun baje a kan waya ɗaya. Ta leƙa ta taga ta ce, "Kai, ku tashi ku yi alwala. Mawlan!"